Ɗan murfin bakin famfo mai rage ruwa, bayan wata uku

Ƙannena ne suka sa na sayi abin nan wallahi. Yaro zai buɗe famfo, buroshi a baki, ɗaya hannun na danna waya, ruwa na ta kwarara, in ka yi magana ya ce "Yaya ai akwai ruwa a tanki." Na yi faɗa har na gaji, shi ne na ce bari in gwada wannan.

Ɗan ƙaramin abu ne kamar murfin kwalba, da raga a ciki, a bakin famfo ake murɗa shi. Iska yake cakuɗawa da ruwan sai ya fito da kumfa-kumfa, hannunka na jin kamar ruwa ne da yawa alhali kaɗan ke fita. Nawa lita 5.7 yake bari a minti, famfon da ba shi da shi kuwa yakan zubar da lita 8 ko fiye. Wajen wanke hannu da kwanuka gaskiya ban ji wani bambanci ba, ga shi ruwan ya daina fantsamo wa mutum a riga.

Matsalarsa biyu. Kar ka sa shi a famfon da ake cika bokiti, ɓata lokaci ne kawai tunda bokiti dai sai ya cika, mu nan ne yaran suka fusata har wani ya kwance shi ya ɓoye. Sannan in ruwanku na da yashi ragar na toshewa, sai ka cire ka goge da tsohon buroshi. Kuma dan Allah ka auna bakin famfonka kafin ka saya, akwai mai milimita 22 akwai mai 24, ni na farko da na sayo bai shiga ba.

Abin da ya fi min daɗi, autanmu da ya fi kowa mita shi ya ɗauko gora da agogon waya ya gwada da murfin da kuma babu, da ya ga bambancin da idonsa sai ya yi shiru. Na faɗa masa hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa na asarar sama da lita 11,000 a shekara, washegari na same shi da sifana yana canza robar famfon banɗaki, babu wanda ya sa shi. Yanzu shi ke ƙwala wa yayyensa kira in sun bar famfo a buɗe. Zan ƙaro guda biyu, na kicin da na wajen wanki.