Wankin gaɓar muƙamuƙi: allura biyu da allura ɗaya duk na ɗanɗana

Ni dai abin ya faro min ne da ƙas-ƙas ɗin nan a gaban kunne in ina tauna, har na saba da shi, kawai wata safiya na tashi baki ya ƙi buɗuwa, yatsu biyu ma da ƙyar suke shiga, lomar tuwo sai na lallatse ta tukuna. Likita ya sa ɗan rula ya ce milimita 24, alhali mai lafiya yana kai 40 ko fiye, wai guringuntsin da ke cikin gaɓar ne ya zame gaba ya tokare.

Ƙwayoyi da robar sawa a haƙora da dare ba su yi komai ba, shi ne aka ce sai wankin cikin gaɓar. Gefen dama aka fara da allura biyu, ɗaya na tura ruwan Ringer irin na ƙarin ruwan nan, ɗaya na fitar da shi, kana kwance kana jin sanyinsa na gangaro maka a wuya. Salon wata likita ce Nitzan ta Isra'ila tun 1991, in ji likitana. Wankin kam ya wanku, a take baki ya saki, amma fa kafin a samu gurbin allura ta biyun sai da aka soke ni sau uku, kunci ya kumbura suntum, ga idona na dama ya ƙi rufuwa na wasu awanni don allurar kashe zafi ta taɓa jijiyar fuska, wallahi na tsorata na ɗauka shanyewa ce.

Bayan wata takwas hagu ma ya fara, wannan karon allura ɗaya aka yi. Ka buɗe baki a tura ruwa, ka rufe ya dawo ta allurar, a yi ta maimaitawa. Ba wani kumburi, an gama da wuri, sai dai lokacin turawar kana jin kamar gaɓar za ta fashe, kuma ruwan da ya ratsa bai kai na farkon ba.

Sauƙin da na samu kusan ɗaya ne gaskiya, yanzu ina buɗe milimita 39. In za a sake, na allura ɗayan zan zaɓa. Motsa bakin da aka ce in riƙa yi kullum ne nake ha'inci, rake da kilishi kuwa har yau kallo ne nawa.