Shagon Gem na Bakin Kasuwa: Abin da Yake Koya wa Yaranmu da Abin da Ya Rage Masa

A ƙarshen layin masu cajin waya, a kasuwar wani gari da ke tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa, akwai shagon gem guda ɗaya wanda ya zama matattarar samari 'yan shekara 12 zuwa 18. Ɗaki ne mai rufin kwano, da talabijin huɗu a jikin bango, kowace da na'urar PlayStation da hannayen gem biyu ko huɗu, sai benci da fanka ɗaya. Mai shagon ya sa sola da batir, saboda haka babu ƙarar janareta, kuma wasa ba ya yankewa a tsakiya, alhali yankewar wasa ita ce babban abin da ke haddasa rigima a irin waɗannan wurare. Kuɗin wasa ɗaya bai kai kuɗin cajin waya biyu ba, kuma ba a ba da bashi. A matsayina na malamin ƙaramar sakandare wanda yawancin masu zuwa wurin ɗalibansa ne, na ga ya dace in auna shagon a kan tambayar da iyaye suka fi yi mini: shin akwai abin da yaro yake ƙaruwa da shi a nan, ko kuwa ɓata lokaci ne kawai?

Dokokin wurin su ne abu na farko da ya cancanci yabo. Ba a karɓar yaro mai kayan makaranta a jikinsa, ana kashe na'urori idan an kira salla, kuma da damina ba a buɗewa sai bayan La'asar, lokacin da aka dawo daga gona. Caca kuwa haramun ce a shagon, ko ta naira goma ce, kuma wanda aka kama ya yi ta sai ya yi mako bai taka ƙofar ba.

Game da maida hankali, akwai hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A shekarar 2003 wasu masana biyu na Jami'ar Rochester da ke Amurka, Shawn Green da Daphne Bavelier, sun wallafa bincike a mujallar Nature wanda ya nuna cewa masu buga wasannin bidiyo na gaggawa, irin na harbi, sun fi sauran mutane iya lura da abubuwa da yawa a lokaci guda, da kuma gano abin da ya gilma a gefen ido. Domin su tabbatar da cewa wasan ne ya jawo hakan, sai suka ɗauki mutanen da ba su saba wasa ba, suka sa wasu buga wasan gaggawa awa ɗaya kullum har kwana goma, wasu kuma Tetris, wato wasan jera tubala, kuma rukunin farko ya fi samun ci gaba. Duk wanda ya tsaya a bayan yaran nan suna buga ƙwallo zai ga alamar hakan, domin yaro yana bin mai ƙwallo da ido, yana duba ƙaramar taswirar da ke ƙasan allo, yana kuma lissafin inda abokin wasansa zai nufa, duk a cikin daƙiƙa guda. Sai dai ya kamata iyaye su san iyakar wannan hujja. Waɗanda aka yi gwajin da su sun wuce shekarun ɗalibaina, wasan da aka gwada na harbi ne ba na ƙwallo ba, kuma abin da ya ƙaru shi ne kaifin ido da saurin lura. Haƙurin zama a saurari darasin lissafi na minti arba'in wani nau'in hankali ne daban, kuma a ajina ina da zakarun gem waɗanda ba sa iya kai ƙarshen sakin layi ba tare da sun waiwaya taga ba.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar batun da nauyi shi ne cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake bayan goshi kuma yake kula da kame kai da tsara abin da za a yi, ba ya gama nuna sai mutum ya kusa shekara 25. Ƙwaƙwalwar saurayi kamar ɗanyen yumɓu take a hannun maginin tukwane: tana ɗaukar siffa da sauri, ta kirki ko akasinta. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wato idan wasan ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatunsa da hulɗarsa da iyali na tsawon kimanin shekara guda. Mai shagon yana da dokar da ta dace da wannan, domin duk wanda ya yi wasa uku a jere dole ya miƙa hannun gem ga na bayansa, ko da kuwa aljihunsa cike yake.

Batun tausayi ne ya fi jan hankalina, kuma a nan ne na ga darajar shagon ta gaske. A 2018 masana a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, ciki har da Richard Davidson, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai masu shekarun ƙaramar sakandare. Sun ƙirƙiri wani wasa mai suna Crystals of Kaydor, inda mai wasa yake sarrafa mutum-mutumin da ya faɗa wata duniya, ya tarar da halittun da ba ya jin yarensu, don haka dole ya karanci fushi da tsoro da farin ciki da baƙin ciki a fuskokinsu kafin su amince da shi. Bayan mako biyu, hoton ƙwaƙwalwar yaran ya nuna ƙarin alaƙa tsakanin sassan da ke taimaka wa mutum ya fahimci halin da wani yake ciki, amma ba dukansu ne suka ƙaru a gwajin gane fuska ba. Wancan wasa an tsara shi ne musamman domin koyar da tausayi, kuma babu irinsa a wannan shago. Wasan ƙwallo shi kaɗai ba ya koya wa kowa jin ƙai. Abin da yake koyarwa shi ne tsarin da mai shagon ya shimfiɗa. A ranar gasa yakan haɗa babba da ƙarami a ƙungiya ɗaya, ta yadda ɗan shekara 17 ba zai ci ba sai ya lura da ruɗewar ɗan shekara 12, ya rage masa tsawa, ya ba shi ƙwallo inda zai iya karɓa. Wanda ya yi nasara shi ne yake fara miƙa hannu, kuma an hana yi wa wanda aka ci ihu. Na ji mai shagon yana ce wa wani da ya fara tsokana: "Ƙanena, dubi fuskarsa tukuna, sannan ka faɗi abin da za ka faɗa."

Kurakuran shagon ba ƙanana ba ne. Bayan sallar Isha'i ana kunna wa manyan samari Mortal Kombat da Grand Theft Auto, wasannin da aka yi wa alamar masu shekara 18 zuwa sama, alhali ƙananan yara suna tsaye a bakin ƙofa suna kallon zubar da jini. Labule ɗaya da juya talabijin ɗaya ta fuskanci ciki za su magance wannan, kuma ban ga uzurin jinkiri ba. A ranar kasuwa kuma shagon yakan kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, duk da cewa likitoci suna ba da shawarar matashi ya yi barcin awa 8 zuwa 10, kuma yaron da zai tashi da asuba ya tafi makarantar allo sannan ya wuce ta boko ba zai cike wannan ba. Duk kaifin idon da ya samu da dare gyangyaɗi ne yake cinye shi da safe. Da bazara zafin ɗakin ya fi ƙarfin fanka ɗaya, kuma taga guda ce.

'Yan mata ba su da wuri a shagon ko kaɗan, kuma na fahimci dalilin iyaye. Amma idan har akwai amfani a wannan horo, to bai kamata ya tsaya a kan maza ba. Da mai shagon zai ware safiyar Asabar, ya damƙa makullin ga wata malamar Islamiyya da iyaye suka yarda da ita, ya zaɓi wasannin haɗin kai da na warware matsala, da ɗalibaina mata, waɗanda sau da yawa su ne suke kan gaba a jarrabawar lissafi, sun samu rabonsu. Na kai masa wannan shawara tare da ta labulen, ya ce zai fara tuntuɓar mai unguwa.