Kyamarori Biyu da Soket Ɗaya: Yadda Kayan Gida Masu Intanet Suka Yi Mana

A ƙarshen shekarar 2023, bayan ɓarayi sun haura katangar maƙwabcinmu sun kwance masa batiran sola, na sayi kyamarori biyu masu aiki da intanet da kuma soket guda wanda ake kunnawa a kashe daga waya, dukkansu na kamfani ɗaya, kuma manhaja ɗaya ce ke sarrafa su. An kafa kyamara ɗaya a ƙofar gida tana fuskantar titi, ɗayar a tsakar gida tana fuskantar ɗakin inbata, shi kuwa soket ɗin aka jona shi da injin da ke tura ruwa tanki. Na yi fiye da shekara guda ina amfani da su kafin na rubuta wannan.

Hoton kyamarorin ba shi da makusa. Da rana ana iya karanta lambar mota, da dare kuma ana gane fuskar wanda ya tsaya a bakin ƙofa, har ma nakan amsa sallamar baƙo daga ofis in gaya masa lokacin da zan dawo. Haɗa su da intanet ne ya ci mini yamma guda, domin ba sa karɓar kowane layin waifai sai nau'in da ake kira 2.4GHz, bayanin da aka ɓoye cikin ƙananan rubutu a bayan kwali.

Matsalar ta fara bayyana ne daga wutar lantarki. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka sauya daga layin gwamnati zuwa janareta, na'urar rarraba intanet takan mutu ta sake tashi, su kuma kyamarorin sai su ɗauki mintuna suna neman layi, wani lokacin ma ta ƙofar gida ba ta dawowa sai an zare ta an mayar. Ɓarawo kuwa duhun nan yake jira. Daga baya na mayar da su duka kan inbata, abin ya yi sauƙi, amma wannan ƙarin kuɗi ne da mai shago bai ambata ba, kamar yadda bai ambaci yawan datar da suke sha ba, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Soket ɗin ne ya koya mini yadda waɗannan kaya suke aiki. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, na kunna injin ruwa daga ofis da niyyar kashe shi bayan rabin sa'a. A ranar ce wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, layi ya yi rauni a ƙasashe da dama. Na danna, na sake dannawa, manhajar tana ta juyi. Tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malale tsakar gida har ya jiƙa tabarmar da aka shanya gero a kai, sai da na samu kira ya shiga aka tura yaro ya zare waya daga bango. Ashe ko ina zaune a falo, taku goma tsakanina da soket ɗin, umarnin da na bayar sai ya bar gidan ya tafi rumbun kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, sannan ya juyo ya shigo. Na biya kuɗin kaya, amma makunninsa yana hannun wasu.

Wannan tafiya da dawowa ita ce kuma ta tayar da maganar sirri, kuma ba ni na fara lura ba. Mahaifiyata ce, ranar da ta zo ta zauna a inuwar tsakar gida ana yi wa jikokinta kitso, ta ɗaga kai ta ga ɗan jan hasken, ta ce, “Kai, wannan idon da ka maƙala wa iyalinka, wane ne a bayansa?” Na ce, “Hajiya, ni kaɗai ne.” Ta yi shiru, ni kuma na san ban da tabbacin abin da na faɗa. Tsakar gidan Bahaushe wuri ne da mace ke ajiye mayafi, ake wa yara wanka, ake hirar da ba ta fita waje; saboda shi aka gina zaure, saboda shi ake rubuta “ba a shiga” a bango. Da na koma na karanta sharuɗɗan da na amince da su ba tare da dubawa ba, sai na tarar manhajar ta karɓi izinin sanin inda nake da na amfani da makirufon wayata, kuma takardar, wadda doguwa ce da Turancin lauyoyi, ta ce ana iya adana bayanai a ƙasashen waje a kuma raba su da abokan hulɗar da ba ta lissafa ba.

Ban kama kamfanin da na saya wa kaya da wani laifi ba, sai dai abin da ya faru da manyansa ya isa mutum ya yi hattara. A watan Mayun 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zargi kamfanin Ring mai sayar da kyamarorin tsaro, mallakar Amazon, da sakacin da ya bai wa wani ma'aikacinsa damar kallon dubban bidiyoyin mata a ɗakunan kwana da banɗakuna na tsawon watanni, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa kimanin mutum 13,000 sun ga hotuna daga kyamarorin gidajen da ba nasu ba, a daidai lokacin da na'urorin ke dawowa layi bayan wata katsewa. Shi kuwa Insteon, wani kamfanin kayan gida masu intanet, a Afrilun 2022 ya kashe rumbun kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta amsawa. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, amma kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar, wanda kayansa suka shigo cikin kwantena suka ƙare a kantar ɗan kasuwa, da wuya mai gida ɗaya ya iya kai shi gaban kowa.

Kyamarar tsakar gida na cire ta a makon da Hajiya ta yi maganar, tana cikin durowa har yau. Soket ɗin ma na sallame shi. Mai gyaran famfo ya sa mana irin makunnin nan da ke yawo a cikin tanki, wanda ke kashe inji da kansa idan ruwa ya cika, ba ruwansa da layi. Ta ƙofar gida kaɗai na bari, domin titi take kallo, na sa mata memori tana ajiye bidiyo a cikinta, na ƙi biyan kuɗin ajiya na wata-wata da manhajar ke ta tallata mini, na kuma sauya kalmar sirrin da ta zo da ita.

Wanda ke son saye don tsaron ƙofa zai iya samun biyan buƙata, matuƙar yana da wutar da ba ta yankewa. Kafin ya biya, ya sa mai shago ya haɗa kayan a gabansa, sannan a kashe data a gani ko kyamarar za ta ci gaba da ɗauka, ko soket zai amsa. Nawa soket ɗin da an yi masa wannan gwaji, da a shagon zan bar shi.