Rumbun ADS: ya yi wa ɗalibin Samaru mai binciken tsibiran arewacin Birtaniya?

Duk ɗalibin sashen nazarin kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da malaminsa ya ce ya kwatanta ganuwar Turunku ko mazaunin Kufena da wani wuri a ƙetare, yana iya faɗawa kan tsibiran Orkney da Shetland da ke arewacin Sukotilan, domin an daɗe ana tona su ana rubutawa. Tambayar ita ce ina zai samu rahotannin asali ba tare da biyan fam ba. Amsarmu: Archaeology Data Service, wato ADS, rumbun intanet da ke Jami'ar York tun 1996. Karatu da saukewa duk kyauta ne.

Babbar ganimarsa tsofaffin kundin mujallar ƙungiyar masana kayan tarihi ta Sukotilan, wadda ake bugawa tun shekarun 1850. A nan za ka karanta bayanan da masanin kayan tarihi Gordon Childe ya rubuta da kansa kan tonon Skara Brae da ke Orkney a ƙarshen shekarun 1920, ƙauyen gidajen dutse da guguwar 1850 ta yaye wa rairayi: gadajen dutse, murhu a tsakiyar ɗaki, kantar ajiye kaya tana fuskantar ƙofa. Akwai kuma rahotannin kamfanonin tono da ba a taɓa bugawa ba, galibi da lambar DOI, wato lambar dindindin ta gano maƙala a intanet, wadda ke sauƙaƙa kafa hujja a kundin digiri.

Sai dai rumbun ajiya ne kawai, ba ya ja maka kunne, kuma a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Da farko Childe ya ɗauka ƙauyen na zamanin ƙarfe ne, wajen shekara 500 kafin Miladiyya. Sai da aka sake tono a 1972 da 1973 gwajin kabon, wanda ake auna shekarun abu da shi, ya nuna an zauna a wurin tun wajen 3180 zuwa 2500 kafin Miladiyya. Wanda ya kwafo tsohon rahoto bai duba na baya ba, ya yi kuskuren sama da shekara 2000 a babi guda. Ko adadin kabon ɗin ma a lura: in an rubuta BP, ana ƙirgawa ne baya daga 1950, kuma sai an daidaita shi a manhaja irin ta OxCal kafin ya zama shekarar kalanda. Bawon kifin teku, da ƙashin mutumin da abincin teku ya yi yawa a cimarsa, sukan nuna tsufan da ya zarce na gaskiya. Na halittun teku zalla yakan kai wajen shekara 400, saboda ruwan teku na riƙe da tsohon kabon. Wannan darasi ne ga mai aiki da ƙashin kifi ko katantanwa a nan gida ma.

Wajen nema, injin ba ya gane cewa suna ɗaya na da rubutu biyu. Ga wuraren Orkney, a gwada Maeshowe da Maes Howe, Brodgar da Brogar, Skara Brae da Skerrabra, kowanne daban. Tsofaffin shafuka hoto aka ɗauka na'ura ta karanta, don haka kalma na iya kasancewa a shafi amma nema ya ce babu.

Matsalar taswira ta fi cin rai. Wuraren suna bisa tsarin layukan taswirar ƙasar Birtaniya, mai lamba EPSG:27700. Skara Brae na HY 231 187. Kafin a shigar da shi manhajar taswira ta QGIS, a mayar da haruffan lambobi: HY na nufin a ƙara 300000 a gabas da 1000000 a arewa, sai ya zama 323100 da 1018700. Na Shetland yawanci HU ne, 400000 da 1100000. In aka bar fayil ɗin a kan tsarin layukan UTM 32N da muke aiki da shi a Zariya, ɗigon zai sauka wani wuri dabam, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba.

Batun data: fayilolin da aka ɗauko daga takarda suna da nauyi, musamman masu zanen tono. A sauke maƙala ɗaya ɗaya a kwamfuta, a sa mata sunan marubuci da shekara nan take, a kwafi DOI tun shafin na buɗe. A waya zanen yadudukan ƙasa ba ya karantuwa.

Ga mai neman al'adu, tatsuniyoyi ko harshen Norn da ya mutu a tsibiran, ADS ba zai ƙosar ba. Ƙarfinsa a kan tono ne. Tsibiran Faro da Aisilan kuwa kusan ba huruminsa ba ne. Amma in aikinka mazaunin Jarlshof ne, ko hasumiyar Mousa mai tsayin mita 13, duk a Shetland, ko Orkney, fara da shi, sannan ka bi kowace shekara da ka gani zuwa rahoto mafi sabunta kafin ka kai wa mai duba maka aiki.