Shirin gwajin iOS na Apple: ya cancanci a ɗora wa wayar da ake harka da ita?

Duk shekara a watan Yuni Apple kan nuna sabuwar babbar manhajar iPhone, wato iOS, a taronsa na masu ƙera manhajoji mai suna WWDC, a ranar kuma ya saki ta gwaji ga masu ƙera manhajoji. Ta gwajin jama'a takan biyo baya a Yuli, cikakkiyar ta fito a Satumba. Haka aka yi da iOS 26: an nuna ta 9 ga Yunin 2025, ta jama'a ta fito 24 ga Yuli, cikakkiyar kuma 15 ga Satumba. Wata ukun da ke tsakani su ne kasuwar Apple Beta Software Program, shirin da ke ba mai waya damar ɗanɗana sabon abu kafin kowa.

Shiga ba ta da wahala ko kaɗan, kuma kyauta ce. Ka yi rajista a beta.apple.com da asusunka na Apple, ka buɗe Settings, General, Software Update, sai ka ga Beta Updates. Tun daga iOS 16.4 aka daina sauke wani fayil na daban kafin a shiga, kuma tun 2023 ko ta masu ƙera manhajoji ba sai an biya dala 99 ta shekara ba. A wannan ɓangaren Apple ya yi ƙoƙari. Har ma sauƙin ya yi yawa, domin da taɓa allo sau biyar mutum zai jefa kansa inda sai da kwamfuta da yini guda zai fito.

Layin gwaji biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Developer Beta, ta masu ƙera manhajoji, ita ke fara fitowa, ɗanya shataf. Public Beta, ta jama'a, yawanci ita ɗin ce dai, amma sai an riƙe ta kwana ɗaya ko 'yan kwanaki an ga ba ta yi ɓarna ba. Wannan ɗan jinkirin yana da rana. A Janairun 2024 Apple ya janye gwaji na biyu na iOS 17.3 sa'o'i kaɗan bayan sakinsa, saboda wasu wayoyi sun maƙale suna ta ƙoƙarin tashi sun kasa, musamman waɗanda aka kunna wa Back Tap, wato ƙwanƙwasa bayan waya don ba ta umarni. Masu layin jama'a ba su ma ga wannan fitowar ba. Wanda ba manhaja yake rubutawa ba, babu abin da ya kai shi layin farko.

Me ake samu a ciki? Sabon fasali da wuri, shi ke nan. Kuma abin da ka gani a Yuli ba lallai shi za a saki a Satumba ba. Fasalin Liquid Glass na iOS 26 ya zo da farko garai-garai har rubutu na ɓacewa cikin hoton da ke bayansa, aka yi ta rage shi ana ƙarawa daga wannan gwaji zuwa wancan, sai a iOS 26.1 aka ba mutane zaɓi tsakanin Clear da Tinted. Akwai kuma manhajar Feedback Assistant da ke bayyana a wayar don kai rahoton matsala. Tana aiki, tana haɗa bayanan da injiniyoyi ke buƙata da kanta, sai dai kada ka zauna jiran amsa. Galibi ba ta zuwa.

Matsalar da kowa ke fara gani ita ce zafi da shan batir. Dalili biyu ne. Bayan kowane sabuntawa wayar kan sake bin hotuna da saƙonni da fayiloli tana jera su don bincike, wannan kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Na biyun ba ya lafawa da wuri: ba a gama daidaita manhajar ba, kuma tana tara bayanan kurakurai a ɓoye. iPhone 11, wadda ita ce mafi tsufa cikin jerin da iOS 26 ta karɓa, idan batirinta ya riga ya gaji, za ta sha wuya, balle a zafin bazara inda wuta ba ta tsayawa. Ga data kuma. Saukewar farko gigabait da dama ce, sannan kusan duk mako biyu sabo na fitowa, zuwa ƙarshen Agusta ma kusan duk mako.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta manhajojin banki. Masu su ba sa ɗaukar alhakin aikinsu a kan manhajar da ba a saki ba, wasu kuma suna da matakan tsaro da kan rufe su idan suka ga tsarin da ba su sani ba. Manhajar na iya buɗewa ta mutu nan take, ko ta ƙi karɓar fuska. Idan ka kira banki za su ce ka jira, kuma gaskiyarsu. Mai shago da ke duba shigowar kuɗi a wannan wayar kafin ya miƙa kaya, wannan kaɗai ya isa ya hana shi.

Inda shirin ya fi rauni shi ne komawa baya. Babu wani maɓalli na komawa. Kashe Beta Updates hana sabon gwaji zuwa kawai yake yi, wayar na nan kan wanda ke kanta har cikakkiyar ta fito. Mai son komawa tsohuwar iOS nan take dole a goge wayar tas, abin da masu gyara ke kira filashin. Ana haɗa ta da kwamfuta da kebul, a danna maɓallin ƙara sauti a saki, a danna na ragewa a saki, sannan a riƙe na gefe har hoton kebul da kwamfuta ya bayyana, a zaɓi Restore. Kwamfutar za ta sauke cikakkiyar iOS, fayil mai nauyi ƙwarai. Idan saukewar ta wuce minti 15 wayar kan fice daga wannan yanayin da kanta. Ba lalacewa ta yi ba, a bari fayil ɗin ya gama sauka a sake danne-dannen.

A nan ne mutane ke asarar kayansu. Kwafin ajiyar da aka yi a kan sabuwar iOS ba ya hawa kan tsohuwa. iCloud kuwa, rumbun ajiyar Apple na intanet, kan rubuta sabon kwafi a kan na da, saboda haka kwana kaɗan bayan ka shiga gwaji, tsohon kwafinka ya tafi. Mafita ita ce a yi kwafi a kwamfuta kafin a shiga, a sa masa kalmar sirri domin ya riƙe kalmomin shiga da na Wi-Fi, sannan a killace shi. A Mac, cikin Finder, ana shiga Manage Backups a zaɓi Archive. A Windows sai an nemo jakar MobileSync an kwafe jakar Backup da ke cikinta zuwa wani wuri da hannu. Ko da hakan, duk abin da ya shigo wayar bayan ranar kwafin, in ba a iCloud yake zaune ba, ya tafi. Hirarrakin WhatsApp a yi musu nasu kwafin daban, a kuma tuna gigabait 5 kacal iCloud ke bayarwa kyauta.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Bayan an goge waya za ta nemi kalmar sirrin asusun Apple da aka ɗaure ta da shi. Wanda ya sayi wayarsa a hannun wani, ko mai shago ne ya buɗe masa asusun bai riƙe kalmar ba, ya tabbatar yana da ita kafin ya taɓa komai, in ba haka ba wayar ta kulle ke nan. Sai Apple Watch: idan aka ɗora mata watchOS ta gwaji, mai ita ba shi da hanyar mayar da ita baya, kuma ba za ta haɗu da wayar da aka mayar tsohuwar iOS ba.

Garantin waya bai faɗuwa don an shiga shirin, Apple ya faɗi haka da kansa. Shi ɗin ne kuma ya ce a ɗora wa na'urar da ba ita ake dogaro da ita ba, kuma shawarar ta yi daidai. Mai waya ta biyu da ke kwance a aljihun tebur, ko mai ƙera manhaja da ke son ganin yadda aikinsa zai kasance kafin Satumba, shirin zai yi masa amfani sosai. Mai waya ɗaya tilo da ƙaiƙayin ya hana shi sukuni, ya daure zuwa mako na biyu na Satumba, lokacin da ake sakin Release Candidate, wadda kusan koyaushe ita ce ke zama cikakkiyar bayan kimanin mako guda. Da zarar cikakkiyar ta sauka kuma a koma a kashe Beta Updates, don in an bar shi a kunne wayar za ta zarce cikin gwajin sabuntawa na gaba ba tare da ta tambayi kowa ba.