Abin toshe kunnen yara na jirgi: yadda muka ƙare da shi daga Katsina zuwa Abuja

Tun ranar da Abban yara ya ce a jirgi za mu je bikin ƙanwarsa Abuja, kunne ne ya tsaya mini a rai. Na san abin. Shekarar da na je Umara, muna sauka Jidda na ji kamar an soka mini allura ta kunnen hagu har cikin ƙwaƙwalwa, kwana biyu ina jin maganar mutane kamar daga cikin rijiya. To ni ke nan babba, ina ga Yaya mai shekara 7, da na tsakiya mai 4, da Auta da ke wata 10?

Wata mai sayar da kayan yara ta WhatsApp ce ta tallata mini abin toshe kunne na jirgi. Ɗan abu ne na roba mai laushi, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, yana da zobba-zobba a jiki da ɗan matacin iska a ciki. Na sayi biyu-biyu na yara biyun, kuɗinsu ya kusa na tiya biyu ta shinkafa, abin da ya sa Hajiya surukata ta kalle ni ta ce, "Ke dai ƴar nan, auduga ta ƙare a Daura ne?"

Auduga ba za ta yi wannan aikin ba, don matsalar ba ta ƙara ba ce. In jirgi ya ɗaga, matsin iskar da ke ciki yana raguwa, in zai sauka kuma ya ƙaru. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da wata siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. Ta nan iska ke shiga da fita duk lokacin da mutum ya haɗiyi miyau ko ya yi hamma. Ta yara ta fi ta manya ƙanƙanta, ga yawan mura, shi ya sa kukansu ya fi yawa wajen sauka. Matacin nan yana rage saurin canjin ne kawai, kunne ya samu sararin daidaita kansa a hankali.

Sati guda kafin tafiya muka fara wasan jirgi a tsakar gida. Na jera kujerun roba, na ɗaura musu ɗankwali a ƙugu a matsayin bel, Abbansu ya zama matuƙi. Na gaya musu gaskiya: jirgin zai yi gudu a ƙasa ya yi ruri, cikinku zai ɗan yi kamar kuna kan lilo, wani lokaci zai jijjiga kamar mota a hanya mai gargada. Muka koyi hamma da gangan. Har binciken kaya muka yi, don na san na tsakiya ba zai yarda a raba shi da motarsa ta roba ba. A nan na fara gane inda gizo ke saƙar: Yaya ta karɓi abin kunnen da murna, shi kuwa da na murɗa masa sai ya cire ya leƙa cikinsa.

Ran tafiya muka bar Daura da sassafe, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka zuwa Katsina. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe filin jirgin Umaru Musa Yar'adua, aka ɗaga mana lokaci. Wannan zaman jiran ya cinye rabin guzurin da na yi domin cikin jirgi. Takardun haihuwarsu na Hukumar Ƙidaya suna jakata, kuma sun yi amfani, domin shekaru ne ke raba tikiti: wanda bai kai 2 ba a cinya yake zama, daga 2 zuwa sama kujerarsa daban. Madarar Auta da ruwansa an duba an bar mu da su.

Takardar abin ta ce a sa kafin jirgi ya tashi, in tafiyar gajeriya ce a bar shi har a sauka. Tamu kusan awa guda ce. Yaya ta sa nata ta manne da taga, tana ta neman hasumiyar Gobarau a cikin hazo. Na tsakiya ya haƙura har muka ɗaga, sannan ya cire ɗaya ya miƙo mini.

"Umma, ƙaiƙayi yake."

Na mayar, ya sake cirewa. A karo na uku ya faɗi ƙarƙashin kujera, ni kuma ga goyo a cinya ga bel, ba halin sunkuyawa.

Da aka ce mun fara sauka sai Auta ya fara mutsu-mutsu yana jan kunne. Wata dattijuwa da ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Ƴata, ba shi mama yanzu, kar ki jira ya fashe da kuka." Na yafa mayafi na ba shi, ya yi ta tsotsa har tayoyi suka taɓa ƙasa a filin Nnamdi Azikiwe, ko uffan. Kuskuren da na so yi shi ne in shayar da shi tun muna sama ya ƙoshi ya yi barci, alhali mai barci ba ya yawan haɗiyar miyau. Na tsakiya kuma alawa mai tsinke ce ta cece shi, da ruwa da nake ba shi kaɗan-kaɗan. Ya ɗan yi ƙwalla, ya ce kunnensa ya yi "bum", shi ke nan. Yaya ta ce ba ta ji komai ba. Ko abin kunnen ne, ko cingam ɗin da take tauna, su biyun dai tare suka yi aikin, kuma ni da ban sa komai ba na ji nawa ya ɗan toshe.

A ganina yaron da ya kai ya fahimci dalilin sa shi, kamar daga shekara 6, ya cancanci a saya masa. Ƙasa da haka asarar kuɗi ce sai an yi sa'a, ga shi ƙarami ne, ya kamata a sa ido kar jariri ya kai shi baki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar da ke ciki: Turanci zalla, rubutun ƙanana, kuma mai sayarwar ba ta gaya mini cewa sai an ja kunnen sama kaɗan sannan a murɗa ba. Yaron da mura ta toshe wa hanci kuwa, ko mai ciwon kunne, a kai shi wajen likita kafin tafiya, wannan robar ba magani ba ce.

Da za mu dawo Yaya da kanta ta sa nata tun muna layin shiga. Na na tsakiya guda ɗaya ya rage, yana cikin gwangwanin maɓallan Hajiya, wadda har yau in zancen ya taso sai ta tambaye ni nawa ma na ce na saya.