Manhajar Monash FODMAP ga masu fama da kumburin ciki, abin da na gani

Jama'a duk wanda cikinsa ke kumbura bayan cin abinci, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, an yi gwaji an yi sikanin ba a ga komai ba, to ya tsaya ya karanta. A nan Kaduna ai kowane ciwon ciki sunansa olsa ko basir, haka mutum zai yi ta zarya kemis yana shan maganin da ba nasa ba. Ni likita ce min ya yi IBS ne, wato hanjin ba rauni a jikinsa amma aikinsa ne ya rikice, shi ne ya nuna min wannan manhaja.

Ta jami'ar Monash ce da ke Ostareliya, su suka fito da tsarin cin abincin FODMAP ɗin, wato rage wasu nau'o'in sukari da ke cikin abinci waɗanda hanji ba ya iya tsotse su sosai har su kumbura ciki. Ba kyauta ba ce, saya ake yi, kuma da Turanci take. Kana rubuta sunan abinci za ta nuna maka launi irin na danja, kore ka ci, ruwan ɗorawa ka rage, ja ka dakata. Wallahi nan na gane teburin mai shayi ne ke wahalar da ni, biredin alkama, madara, ga albasa jibge cikin ƙwai, duk ja. Wake ma haka, kenan ƙosai da alale sai a hankali, mangwaro da kankana da zuma su ma. Shinkafa, dankalin turawa, karas, ƙwai, nama kuwa ba matsala.

Abin da ya fi min daɗi maganar albasa, don miya ba albasa ai ba miya ba ce. Ashe sinadarin da ke kumbura cikin a ruwa yake narkewa ba a mai ba, sai ka soya ta a mai ka tsame albasar ka zubar, ƙamshin ya zauna, ko ka yi amfani da lawashi. Abincinmu na gida kuma sai ka rarraba shi ka duba kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, akwai ɗan aiki gaskiya.

Don Allah kar a mayar da ƙaurace wa abincin na har abada, sati 2 zuwa 6 ne, daga nan ka riƙa dawo da su ɗai-ɗai kana rubuta yadda cikin ya yi a wurin da aka ware cikin manhajar. Wanda kuma ke ganin jini a bayan gida ko yake ramewa haka kawai, ya ajiye waya ya tafi asibiti tukuna.